Gaiwa a Ƙasar Gwalkwas

A Ikko na fara sanin akwai garin da mutum zai yi sallama a dube shi kamar tari ya yi. Na sauka daga jirgin ƙasa ƙafafuna sun kumbura, kwandon banda a kaina, ba wanda ya ce mini sannu. Ban damu ba. Ba gaisuwa na fito nema ba.

Ɗana na fari na fito nema, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san nauyin wannan magana. Ban taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne, ga shi sunan surukina aka sa masa, kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. In yana kusa "kai" nake ce masa, in yana nesa "yaron nan". Da haka ya girma, da haka ya bar gida shekara bakwai ba aike ba saƙo.

Garinmu yana gabas da Haɗejia, wajen Baturiya, kuma gidanmu yana da tafki. Ba mu muka haƙa shi ba. Kogi ne ke cika shi da damina, ya janye ya bar kifi a ciki. Tun kakanni, ranar da za a buɗe su, namijin gidanmu ne ke fara tsoma homarsa, sannan gari ya afka. Da sunan surukina ake kiran tafkin. To, maigidana ya rasu da kaka, sauran 'ya'yana kuma duk mata ne. Bayan sadakar arba'in sarkin ruwa ya aiko mini. Akwai kututturen marke a tsakiyar tafkin, ranar da kansa ya leƙo za a buɗe su. In babu namijin gida a bakin ruwa, homar gidan Maina ce za ta fara shiga, kuma homar da ta fara shiga sau ɗaya ta shiga ke nan har jikoki. Na je na dubi ruwan. Na ba kaina wata uku.

Abin da na riƙe na fito da shi maganar wani falke ce mai safarar goro. Ya ce ya ga yaron a Gwalkwas yana buga ƙwallo, wai shi ma ya raɗa wa ƙungiyarsu suna, ana ta yi musu dariya a kai. Wane gari? Ya manta. Wane suna? Ya manta. Bai dai manta huhun goronsa a hanya ba.

Daga Ikko muka shiga mota muka bi bakin teku. Ruwa ne ba ya cika ba ya janyewa, sai ihu. Ban yarda da shi ba. Ruwan da ba ya barin komai a bayansa, me za a yi da shi? A wata ƙasa da Faransi ke mulki, wani mai tsaron iyaka mai gajeren wando ya tura sanda cikin kwandona, ya juya, ya juya, ya zaro tarwaɗar da ta fi kowace girma ya sa a hammata. Na ce masa ya ci da ƙayarta. Bai ji Hausa ba, sai ya yi mini murmushi. Kwana da kwanaki ba abin da ya shiga cikina sai garin rogo da ruwa. Ni da na girma cikin shinkafa, har ana zuba wa agwagi!

A zangon Ankara, babban birnin Gwalkwas, na sauka gidan Malam Garba, wani dattijon Bakatsine da ke saukar da baƙi. Ya ji abin da ke tafe da ni ya ce, "To Iya, yaya sunan yaron?"

Na dubi ƙasa.

"Af! Na fari ne ke nan. To bari in jero, inda na taka ki yi tari."

Ya yi ta jerowa har ya zo kan sunan. Na ja mayafi. Sai ya tuntsire da dariya, har yana riƙe gemu.

"Iya, masu wannan suna a zangon nan in na aika a kira su, ƙofar gidan nan ba za ta ɗauke su ba. Kuma duk wanda ya ƙetaro, sunan gida a bakin iyaka yake ajiye shi. Nan Kafinta, Ɗan Dogo, Sufeto ake kira."

Saboda haka na bar neman sunan mutum, na koma neman sunan ƙungiya. Kowace la'asar sai in tafi filin da ke bayan zango, in shimfiɗa buzuna in zauna. Ban san dokar wasan ba, har yau ban sani ba. Ƙarti ashirin suna bin fata ɗaya, wani yana bin su da usur. Amma suna na san shi. A garinmu duk 'yan gayya da 'yan kokawa sai sun kawo sunansu gaban tsofaffi an tauna shi kafin a buga musu ganga. Sunan kirki abin da ka taɓa ne da hannunka, ko ka ci, ko ya taɓa sa ka gudu. Abin da ka ji labarinsa kawai ba naka ba ne.

Na ji abin takaici a filin nan. Akwai Taurarin Turai: 'yan dako ne, ba wanda ya taɓa wuce bakin jirgin ruwa a cikinsu. Akwai Jirgin Sama, ba mai ko takalmi. Akwai Damisar Zango, na tambayi ɗayansu yaya kukan damisa yake, ya yi mini kukan kyanwa. Akwai wasu sun sa wa kansu sunan Turanci, kowa a cikinsu daban yake faɗinsa, har sun taɓa dambe a kan haka. Mutum ya ari suna kamar rigar biki, ya yi ta tafiya yana tattare hannu!

Ba duka ne na banza ba, ba zan yi ƙarya ba. Mahauta sun kira tasu Wuƙar Fawa, kuma da ka gan su ka ga wuƙa. Masu dakon gishiri sun ce su 'Yan Gishiri ne, ba ado ba ƙari, na so wannan. Akwai Kunama, wasu Zabarmawa ƙanana baƙaƙe. Na ce kun yi daidai, kowa ya san ku, ba wanda ke son ya taka ku. Amma duk cikin sunayen nan babu wanda ke warin fadama. Na san yaron nan. Ba ya iya ƙarya ko da wasa, shi ya sa bai yi arziki ba.

Na ɓatar da kwana goma sha biyu a Ankara. Kowace safiya in na tashi, kututturen nan nake gani a idona, ruwa yana janyewa daga kansa.

Nan wani mai suna Ɗanjuma ya same ni. Farar riga, hula a karkace, baki kamar an shafa masa zuma. Ya durƙusa har ƙasa.

"Iyata, ashe daga Haɗejia kike? Ai ni kakata 'yar Kafin Hausa ce! Kin sha wahalar banza. 'Yan garinku suna Kumasi, Zakunan Haɗejia ake ce musu. Ɗanki ne babbansu, wani dogo, ko?"

Ban ce masa dogo ba ne, shi ya faɗa, kuma yaron dogo ne. Sunan bai kwanta mini ba, don zaki ba ya shiga fadama. Amma akwai Haɗejia a ciki, a wurinmu kuma ba wanda ke sa sunan garin da ba a binne cibiyarsa ba. Ban san a duniya ana yin haka ba. Ɗanjuma ya ce ba a zuwa wurin manyan ƙwallo hannu sake, in kawo rabin bandata ya ɗauka mini. A tashar mota ya ce bari ya nemo mana wurin zama. Ina nan tsaye har rana ta take. Allah ya isa tsakanina da shi da kakar tasa, in ma yana da ita.

Na kai kaina Kumasi. Na tarar da Zakunan a filinsu, riguna ja, an ɗinka musu wani abu a ƙirji mai kama da kare. Na duba fuska ɗaya ɗaya. Na ce, "Wane ne ɗan Haɗejia a cikinku?"

Suka dubi juna. Babbansu ya ce, "Babu, Iya. Ni ɗan Salaga ne, wannan Bamoshe ne, wancan ma bai san garinsu ba."

"To sunan fa?"

"An ce mutanen can ba su da tsoro. Kuma yana da daɗi a baki."

"Da daɗi a baki! Ka taɓa kwana sauro yana cin ka a kan gadon kara, ruwa a ƙarƙashinka? Ka san inda rana ke fitowa a Haɗejia? Na sayar da akuyoyina na ƙetare ƙasa uku, ashe ɓarayin suna zan zo gani!"

Dariya suka yi. Wani ya ce, "Tsohuwa ta fi kyaftin zafi, a ba ta riga!"

Na koma gefe na zauna a gindin wata bishiya da ban san sunanta ba. Ƙafafuna suka ƙi tashi. Wata mata mai sayar da dokunu, tuwon masararsu na can, 'yar ƙasar, ta yi ta kallona. Ba ta jin Hausa, ba na jin nasu. Ta kawo ruwan ɗumi a kwano, ta ja ƙafata ta ɗora a cinyarta, ta gasa, ta shafe da man kaɗe, tana ta faɗa da yarensu, ina jin da ni take. Na miƙa mata kifi biyu, ta ture hannuna ta harare ni. Duk tafiyar nan ita kaɗai nake sa wa albarka da asuba.

Tana cikin gasa mini ƙafa Zakunan suka zo sayen abinci. Na ji ɗaya yana cewa, "Lahadin sama za mu garin zinariya mu tattaka Gaiwa."

"Gaiwa! Wai don Allah wa ya sa musu? Kifin da ba shi da ko ƙaya ta kirki, sai santsi."

Na fizge ƙafata, har kwanon ya kife.

Wanda bai san fadama ba bai san gaiwa ba. In ruwa ya janye, kowane kifi ko ya bi kogi ko ya mutu. Ita sai ta nutse cikin laka, ta naɗe kanta, ƙasa ta bushe a kanta ta tsattsage, shanu su bi ta kai, tana nan da ranta har wata damina. Da rani ake haƙo ta. Sai ka san ɗan ƙaramin ramin da take shaƙar iska, ka ƙwanƙwasa ƙasa ka saurara. Yaron nan tun bai kai tsawon fartanya ba yake bin ubansa haƙar gaiwa, akwai tabon cizonta a babban yatsansa. Ba ɗan Salaga da zai raɗa wannan suna.

Ranar Litinin na isa garin zinariya. Gari ne ja wur, ƙasa a tone ko'ina, mutane suna shiga rami da safe kamar gara. Na sami filinsu da la'asar, kusa da inda ake zubar da tsakuwa. Ba su da riga iri ɗaya, kowa da tsummansa. Yaron nan yana tsaye tsakanin sanduna biyu, shi ne mai tsaron gida. Ya rame. Wuyansa ya yi tsawo.

Ya gan ni. Ya zo ya tsuguna nesa kaɗan, kansa a ƙasa. Ni ma na dubi gefe, kamar yadda ya kamata.

"Iya. Kin zo lafiya?"

"Lafiya. Mai gidan ya riga mu gidan gaskiya, da kaka."

Na gaya masa maganar sarkin ruwa da kututture da gidan Maina. Na zo da faɗa cike da baki, na shirya shi tun daga Kano, jira nake ya ce ba zai koma ba. Sai ya goge fuska ya ce, "Akwai mota gobe da safe. Mu tafi."

Ku riƙe wannan. Shi ya ce mu tafi gobe.

Kyaftin ɗinsu, wani Bazabarme mai suna Sumaila, ya taho yana ɗingishi. Da ya ji, ya dafe kai.

"Iya, kin kashe mu! Wani mai kanti ya ce zai ɗinka mana riguna in muka koma Sabuwar Landan. Rabinmu na so, rabi ba sa so. Mun yanke: in Zakuna suka ci mu ran Lahadi, a sauya, in mun ci, suna ya zauna. Ba shi a raga kuwa, ko awaki ne za su ci mu." Ya juya wurin sauran yana kashe ido. "Ga babba ta zo, ta raba mana. Iya, wanne ya fi, Gaiwa ko Sabuwar Landan?"

Wasa yake yi, ni ba wasa na zo ba. Na ce, "Tsohuwar Landan ɗin wa ya gani a cikinku, balle sabuwa? Ku da kuke wuni a ƙarƙashin ƙasa, ana tafiya a kanku, ku fito da ranku da yamma, wane suna kuke da shi in ba wannan ba? Na zaga Ankara, na zaga Kumasi, na ji zakuna da damisa da taurari, duk kayan aro. Suna ɗaya na ji na gaskiya, shi kuke so ku ba da a kan tsumma!"

Wani daga baya ya ce, "Gaiwa, ashe a gida ka gado bakin nan!"

Yaron ya juya ya ce masa, "Kai, rufe mini baki."

Sai a lokacin na gane. Ba ƙungiyar kaɗai ba, shi kansa haka suke kiransa, tunda shi ya kawo sunan. Suka koma wasansu, ina zaune a kan buzu ina juya abin a bakina. Ba sunan surukina ba ne. Ba sunan da liman ya raɗa ba ne. Babu kunyar kowa a kansa. Na faɗe shi a hankali, kamar mai ɗanɗana gishirin miya.

"Gaiwa."

Ya waiwayo.

Shekara talatin da ɗoriya ina da ɗa, ban taɓa kira ya waiwayo ba. Yana ƙarami ya taɓa faɗawa kogi a gabana, na tsaya ina ihun "kai, kai", yara biyar suka juyo, ban da shi. Maƙwabciya ce ta kira sunansa ya kamo gorar da aka jefa masa.

Da suka tashi ya zo ɗaukar kwandona. Na ce, "Sai bayan Lahadi."

"Iya, ruwa fa?"

"Ni zan koya wa ruwa ko kai? Akwai sauran kwana."

Na lissafa, na ga ina da rarar kwana goma. Ban lissafa da cewa rana ba ta yi shawara da ni ba.

Ran Lahadi gari ya cika filin. Zakuna suka zo da jajayen rigunansu da masu ganga. Na ture wani ƙato na tsaya daidai bayan sandunan yaron. Suka yi ta kawo masa hari, yana faɗuwa a kan tsakuwa yana tashi, gwiwarsa duk jini. Duk ƙwallon da ta taso sai in buɗe murya: "Gaiwa! Gaiwa, ga ta nan hagu! Tashi, Gaiwa!" Ni da ko guɗa ban taɓa yi a bikin kowa ba. Mayafina ya faɗi ban ɗauka ba. Babban Zakuna ya zo wucewa ya ce, "Iya, ke ce kuma?" Na ce, "Ni ce, ɗan Salaga, ka zo ka ga 'yar Haɗejia!" Can kusa da tashi Sumaila mai ɗingishi ya tura ɗaya da ƙyar, ta gangara ta shiga kamar ba ta so. Da ita aka tashi. Suna ya zauna. Kwana uku muryata ba ta fita.

Daga nan hanya ta juya mana baya. Motar Litinin ta lalace a daji. A bakin wani kogi jirgin fito ya tsaya aiki, muka kwana biyu muna kallon ƙetare. A Kano muka tarar jirgin da ke bi ta Malam Madori ya tashi da safe, sai mu jira na gaba. Tun daga Zariya nake jin zafin shekarar ya zo da wuri, har ƙarfen taga ba ya taɓuwa. Irin wannan zafi shi ke shanye tafki.

Daga Haɗejia muka taka da ƙafa. Muna dab da gari muka gamu da mata ɗauke da kwanduna, ƙuda na bin su. Karfasa ce da tarwaɗa, ɗanyu, manya. Na san kifin tafkinmu kamar yadda na san tafin hannuna. Wata ƙawata ta sauke kwando ta kama haɓa.

"Wayyo Fanna! Shekaranjiya aka buɗe. Sarkin ruwa har ya ƙara muku kwana ɗaya."

Shekaranjiya. Kwana shida na ƙara a garin zinariya.

Bai taɓa yi mini gori ba, wannan ma yana ba ni haushi. Da ya yi faɗa da na samu abokin faɗa. Yanzu duk ranar su, yana tsaye a bakin ruwa cikin jama'a da homarsa, sai ɗan gidan Maina ya shiga ya fito sannan ya shiga, a tafkin da kakansa ya kori kada. An ce mini har yanzu akwai Gaiwa a garin zinariya, ƙarti goma sha ɗaya da ba su taɓa ganin gaiwa ba. Sunan yana da kyau. Ko yau aka sake tambayata, haka zan ce.

Yaran da suka taso yanzu Tafkin Maina suke cewa. Rannan wata yarinya ta faɗa a gabana, na daka mata tsawa na ce ba sunansa ke nan ba. Ta ce, "To yaya sunansa, Kaka?"

Na buɗe baki. Na rufe, sunan surukina ne.

Yaron nan yana can cikin ruwa har ƙugu, yana jan homa. Na ce, "Gaiwa! Zo ka faɗa wa yarinyar nan."